Yadda Al'umma Za Ta Nemi Kuɗin Kabon Don Kare Dajinta

Itace yana shan iskar kabon daga sararin sama, ya mayar da ita gungume da rassa da saiwa. Wannan iskar ce masana'antu da jiragen sama da motoci suke fitarwa, ita ce kuma kan gaba wajen jawo ɗumamar yanayi. Kamfanonin da suka kasa rage nasu hayaƙin sukan biya wanda ya rage a madadinsu. Abin da ake sayar musu shi ake kira kiredit. Kiredit ɗaya tan ɗaya ne, wato kilo 1,000, na iskar kabon da aka hana fita ko aka kama a jikin itace, kuma ba ya zama kuɗi sai wani mai bincike daga waje ya zo ya tabbatar.

Tun kafin ku tara jama'a, ku san girman abin da ake magana a kai. A Nijar an fara dashen ɗakwara da tallafin Bankin Duniya wajejen 2006. Sai a 2020 garuruwa 26 suka karɓi kuɗin kabon na farko, kimanin dala 450,000 a kan hekta 7,200. In ka raba, hekta ɗaya ta kawo dala 62 da 'yan kai, bayan jiran shekara goma sha huɗu. Abin da ya riƙe mutanen a tsawon lokacin shi ne ƙaro, da ciyawar dabbobi, da ƙasar da ta farfaɗo. Don haka ku tsara aikin da zai amfani gari ko da kuɗin kabon bai zo da wuri ba, kuɗin ya zama ƙari.

Abubuwan da za ku tanada

- Ƙungiya mai rajista da asusun banki, wanda aƙalla mutum uku za su sa wa hannu kafin a ciri kuɗi.
- Takardun da ke nuna wanda ke da iko da filin.
- Wayar hannu mai GPS, da manhajar tattara bayanai irin su KoboCollect, wadda ke aiki ko babu intanet. In babu, littafi mai bango mai ƙarfi da fensir sun isa. Biro yakan narke in ruwa ya taɓa shi.
- Tef na awo mai mita 30 ko 50, da tef ɗin tela don zagaye gindin itace.
- Sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita 1.3 daidai, igiya marar talewa, fenti, da guntayen rodi na rabin mita.
- Adda ko lauje mai kaifi don sassabe.
- Malamin daji ko wanda ya karanci gandun daji, da dattijo ɗaya ko biyu da suka san sunan kowane itace da tarihin wurin.
- Lauyan da ku kuka ɗauko, ba wanda kamfani ya kawo ba.

1. Ku zaɓi irin aikin da ya dace da filinku

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce hana sare dajin da yake tsaye, wadda aka sani da REDD+. A nan ana ƙiyasta yawan dajin da zai tafi in ba a yi komai ba, sai a biya ku bambancin. Ta fi dacewa da kurmi mai kauri irin na Kuros Riba ko yankin koko na Ghana. A farkon 2023 Ghana ta karɓi dala miliyan 4.8 daga Bankin Duniya ta wannan hanya, a kan kusan tan miliyan ɗaya, wato dala 5 kowane tan. Amma hanyar ta sha suka. A watan Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka wallafa binciken da ya ce sama da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan kiredit da suka duba ba su nuna ragi na gaskiya ba. Verra, hukumar da ta yi wa waɗannan kiredit rajista, ta musanta, amma farashi ya faɗi, kuma kafin shekarar ta ƙare ta dakatar da babban aikin Kariba na Zimbabuwe. Babban ƙorafin shi ne an zuzuta barazanar da dajin yake ciki don kiredit ya yi yawa.

Hanya ta biyu ita ce farfaɗo da filin da ya lalace, ta dashe ko ta renon kututturan da ke tohowa da kansu. A ƙasar da itatuwa suke tsilli-tsilli, kamar Katsina, Jigawa, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, wannan ce ta fi muku. Abin da ya ƙaru ana ganinsa, ana auna shi, ba hasashe ba ne.

Ku yi wa kanku tambayoyi uku. Shin itatuwan za su ƙaru ko da babu wannan kuɗin? In amsar e ce, babu kiredit, domin ƙarin da aikinku ya jawo kaɗai ake biya. Tsofaffin kukoki da ɗorawar da kuka gada ba sa cikin lissafi. Shin an sare dajin asali a filin cikin shekara goma da suka wuce? In an yi, ba za a karɓa ba, don kada mutane su riƙa sarewa da gangan su zo neman kuɗin dashe. Ta uku, baƙo zai iya shiga filin ya fito lafiya? Mai bincike sai ya taka da ƙafarsa. Inda matsalar tsaro ta hana shiga, kamar sassan dajin Rugu, ku fara da gonaki da makiyayar da ke kusa da gari.

2. Ku warware maganar ƙasa kafin ku taɓa itace ko ɗaya

Nan ne ayyuka da yawa suke mutuwa, kuma nan ne ake yawan yin gaggawa. Yarjejeniyar kabon takan ɗauki shekara 30 zuwa 40. Wanda ya sa hannu yau, mai yiwuwa jikansa ne zai ga ƙarshenta.

A Najeriya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da takardar haƙƙin zama na gargajiya a karkara. In filin gandun dajin gwamnati ne, sai kun sami rubutacciyar yarjejeniya da ma'aikatar da ke kula da shi, wadda ta faɗi ƙarara wa ke da kabon ɗin. A Nijar akwai dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ake kira COFO, tun daga ƙauye har gunduma, su ne ke ba da takardar shaidar mallaka. Amincewar hakimi ko maigari da baki tana da daraja, amma mai bincike takarda zai nema.

Sai ku zauna ku lissafa duk mai cin moriyar filin, ko da ba shi da taki ɗaya a ciki: matan da ke ɗebo itacen girki da tsintar kaɗanya, masu gawayi, masu sassaƙa turmi da ƙota, masu saƙar zuma, mafarauta, masu magani, da makiyayan da ke sauka da rani. Ku yi taron mata daban, domin a gaban dagaci da dattawa ba kowace ce za ta ce ba ta yarda ba. Ku je wurin Arɗo a lokacin da makiyaya suke nan, ba bayan sun tashi ba. Kada iyakar aikin ta toshe burtali ko mashaya. Wanda aka rufe wa hanyar ruwa ba zai tsare muku itace ba, kuma rikicin da zai biyo baya ya fi ƙarfin duk abin da kabon zai kawo.

A kowane taro a rubuta rana, da sunayen mahalarta, da abin da aka tambaya, da amsar da aka bayar, a sa hannu ko a dangwala. A gaya wa mutane abin da za su daina yi, ba abin da za su samu kaɗai ba. Kuma kowa yana da damar cewa a'a.

3. Ku zana iyaka

Ku zagaya filin da ƙafa, wayar tana ɗaukar layi, tare da maƙwabtan kowane ɓangare don kada a ci iyakar wani. Ku cire gidaje, hanyoyi, duwatsu da tafkuna daga lissafin hekta. Sannan ku raba filin gida-gida bisa kamanninsa: gona, fako, fadama, daji mai duhu. A Google Earth akwai tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam da za su nuna yadda wurin yake shekarun baya. Ku adana su, ku kuma ɗauki hotunan ƙasa masu kwanan wata kafin ku fara aiki. Wanda ya yi shekara uku yana reno ba tare da shaidar ranar farko ba, da wuya a lissafa masa waɗannan shekarun.

4. Ku auna abin da ke tsaye yanzu

Ba a ƙirga kowane itace. Ana ɗaukar ƙananan filaye na gwaji, a auna su da kyau, a ninka. Ku fara da goma zuwa sha biyar a kowane kashi na filin. Daga bambancin da ke tsakaninsu ne masani zai faɗi adadin da za a ƙara, domin ana so kuskuren ƙiyasi ya tsaya wajen kashi 10 cikin 100.

Wuraren gwajin kwamfuta ce za ta zaɓa, ko ku yi ƙuri'a da lambobi a kan taswira. Kada ku bar ido ya zaɓa. Ido inuwa yake bi, ya kai ku inda itatuwa suka fi yawa, sakamakon ya kumbura, mai bincike kuma ya gane.

A tsakiyar kowane wuri ku kafa rodi har ya nutse, ku ɗauki lambar GPS. Ku ɗaura igiya mai mita 17.84 ku zagaya. Wannan da'irar kashi ɗaya cikin goma ce ta hekta. In gona ce mai itatuwa jefi-jefi, ku yi murabba'i mai mita 50 kowane gefe, wato rubu'in hekta. Ana nutsar da rodin ne saboda masu jarin bola, kuma don kada masu gadi su san wurin su fifita shi a kan sauran dajin.

Kowane itacen da kaurinsa ya kai santimita 5 za a rubuta sunansa, a jingina sandar nan ta mita 1.3 a gindinsa, a zagaya tef ɗin tela daidai kan sandar, a shafa fenti a wurin don a dawo nan gaba a auna a gurbi ɗaya. Tef ya kwanta daidai, kada ya karkace. A kan gangare, a tsaya ta gefen tudu. Itacen da ya rabu biyu ƙasa da sandar, a auna kowane reshe a matsayin itace guda. In akwai ƙullutu a daidai wurin, a ɗan haura sama. Sabara da kalgo da sauran masu rassa da yawa daga ƙasa ana auna su kusa da gindi, kuma da nasu lissafin daban.

In babu na'urar auna tsawo, ka riƙe kara a tsaye, hannunka a miƙe, abin da ya fito sama da hannun ya yi daidai da nisan idonka zuwa hannun. Ka yi ta ja da baya har kan karan ya dace da ƙololuwar itacen, hannunka kuma ya dace da gindinsa. Nisan da ke tsakaninka da itacen shi ne tsawonsa.

Ga misali da gawo mai zagayen santimita 94 da tsawon mita 10. A raba 94 da 3.14, kauri ya zama 30. Kowane irin itace yana da lambar nauyin katakonsa: gawo kusan 0.55, ƙirya kusan 0.8, kuka ƙasa da 0.3. A ninka 0.55 × 30 × 30 × 10, a sami 4,950. Lissafin da wani masani mai suna Chave da abokan aikinsa suka fitar a 2014, wanda ake yawan amfani da shi a ƙasashe masu zafi, a Excel haka ake rubuta shi: =0.0673*(4950)^0.976. Zai ba da kusan kilo 270 na busasshen itace. In babu kwamfuta, a ninka 4,950 da 0.056, amsar za ta fito kusa da waccan. A ƙara kashi 28 cikin 100 saboda saiwa, ya zama kilo 346. A ninka da 0.47 don samun kabon zalla, kilo 162. A ninka da 3.67 don mayar da shi iska, kusan kilo 600. Ke nan gawon da mutum zai iya hutawa a ƙarƙashinsa bai cika kiredit ɗaya ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a saka zagaye a gurbin kauri. Wannan kaɗai yana kumbura amsa kusan sau goma. Na biyu, a ba kuka lambar itace mai tauri saboda girmanta ya ruɗi ido.

5. Ku buga lissafin kuɗi tun yanzu

A ɗauka, don misali kawai, kuna da hekta 1,000 kuma kowace tana ƙara tan 2 a shekara. Tan 2,000 ke nan. Hukumar rajista za ta riƙe wani kaso, galibi 10 zuwa 20 cikin 100 ko fiye, a rumbun ko-ta-kwana saboda gobara da fari. In ta riƙe kashi 20, saura 1,600. In an sayar a dala 10, an sami dala 16,000 a shekara, kafin a cire kuɗin awo, da na rajista, da na dillali. Rubuta takardar aikin da biyan masu bincike na farko kuwa kan ci dubban daloli masu yawa, sau da dama fiye da wannan kuɗin na shekara ɗungurungum.

Shi ya sa ƙauye ɗaya ba ya iyawa shi kaɗai. Aikin Humbo na Habasha, wanda World Vision ta taimaka aka kafa, ƙungiyoyin manoma bakwai ne suka haɗu a kan hekta 2,728. An fara a 2006, aka yi rajista a 2009, kiredit na farko ya fito a 2012. In filinku bai kai dubban hekta ba, ku haɗu da garuruwan da ke kusa, ko ku shiga wani shiri da ya riga ya yi rajista yana karɓar sababbin manoma.

6. Hukumar rajista, gwamnati da abokin aiki

Verra da ke Amurka ita ce mafi girma, tsarinta na dashe da reno shi ne VM0047, amma tsadarta ta manyan ayyuka ce. Gold Standard tana Suwizalan. Plan Vivo da ke Sikotilan don ƙananan manoma aka yi ta, kuma ta wajabta aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin su koma ga al'umma. Shirin Acorn da bankin Rabobank ya kafa ya fara ne da ba manomi kashi 80. Dokar Kenya ta sa aƙalla kashi 40 ga al'umma a ayyukan da aka yi a kan filinta. Ku riƙe waɗannan lambobin a hannu lokacin ciniki.

Ku sanar da gwamnati da wuri. A Najeriya, Majalisar Sauyin Yanayi ta Ƙasa da dokar 2021 ta kafa ita ce ƙofar, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha. A Nijar ma'aikatar muhalli da CNEDD, wato majalisar ƙasa mai kula da muhalli da ci gaba mai ɗorewa. Dalili shi ne sashe na 6 na Yarjejeniyar Faris ta 2015: in wata ƙasa za ta lissafa tan ɗinku a cikin nata alkawarin, sai ƙasarku ta ba da izini a rubuce ta kuma cire shi daga nata lissafin.

Kusan dole ne ku yi aiki da kamfani ko ƙungiyar da ta san takardun. Kafin ku yarda, ku nemi lambar wani aikinsu da ya riga ya yi rajista, ku duba da kanku. Rajistar Verra da ta Plan Vivo a buɗe suke a intanet. Ku nemi magana da garin da suka taɓa biya. Duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom don a saka ku cikin masu cin kuɗin kabon, ku rabu da shi.

A cikin yarjejeniyar ku duba waɗannan da idon basira. Kabon kuke sayarwa, ba ƙasa ba, kuma a rubuta haka. Kasonku daga jimillar ciniki ne ko bayan an cire ɗawainiya? In bayan ɗawainiya ne, a jera ta ɗaya bayan ɗaya, a sa mata iyaka, in ba haka ba kashi 60 zai iya zama na abin da bai taka kara ya karya ba. Ku sami damar ganin farashin da aka sayar. In kamfani ya ba da kuɗi tun kafin kiredit ya fito, zai saya da araha, don haka kada ku ba shi na shekara talatin a farashi ɗaya. Ku sa a sake duba farashi duk shekara biyar. A faɗi wanda zai ɗauki asara in gobara ta ci, da abin da zai faru in kamfanin ya rushe ko ya sayar da aikin ga wani. A fassara takardar zuwa Hausa, da Fulatanci in akwai buƙata, a karanta ta a bainar jama'a kafin kowa ya sa hannu.

7. Aikin cikin daji

Reno ya fi dashe arha kuma ya fi rayuwa, domin kututturen yana da tsohuwar saiwa da ta riga ta kai ga laima. Da wannan dabarar, wadda ta bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980, manoman Nijar suka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. A kowane kututture a zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi miƙewa da ƙarfi, a cire sauran. A sassabe rassan ƙasa har rabin tsawon tsiron, kada a wuce. A yi saran daga ƙasa zuwa sama da ƙarfe mai kaifi, don kada ɓawo ya ɓare ya buɗe wa ƙwari hanya. A ɗaura ƙyalle mai launi a jiki, alamar cewa yana da mai shi. A dawo duk bayan wata biyu zuwa shida. Inda babu kututture ko kaɗan, kamar fako, sai a haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwa, a dasa irin gida da farkon damina.

Hanyar tare gobara a share ta da zarar ciyawa ta fara bushewa bayan kaka, kafin iskar hunturu ta taso, faɗin mita 10 zuwa 20 gwargwadon tsawon ciyawar.

Sai maganar da masu bincike ba sa ɗaga ƙafa a kanta: in kun hana sara a nan, masu gawayi suka koma dajin maƙwabta, za a cire wannan ɓarnar daga kiredit ɗinku. Maganinta a ba mutane madadi. Rassan sassabe su zama na matan da ke neman itacen girki, a keɓe fili don itacen wuta, a kawo murhu mai tsimin itace, a ɗauki masu gawayin aikin gadi da awo. Kiwo kuma a tsara shi da lokaci maimakon a hana shi ɗungurungum.

8. Bincike, sayarwa da rabo

Masu bincike iri biyu za ku gani. Na farko suna duba tsarin a takarda da a fili kafin rajista. Na biyu suna dawowa, aƙalla sau ɗaya a shekara biyar, su zaɓi wasu wuraren gwajinku su sake aunawa. In lambarsu ta saɓa da taku sosai, za a rage kiredit ko a ce ku sake duka. Saboda haka ku riƙa sake auna ɗaya cikin kowane wurare goma da wata tawaga daban tun kafin su zo. In gobara ta ci wani sashe, ku rubuta ranar da faɗin wurin ku kai rahoto da kanku, domin tauraron ɗan'adam ya riga ya gani.

Ƙa'idar rabo a amince da ita tun kuɗi bai shigo ba: nawa ne na masu gona bisa itatuwan da suka rayu, nawa ne na gadi da awo, nawa ne na aikin gayya kamar rijiya ko aji, nawa ne na mata da makiyaya. Kason mutum a tura shi asusunsa ko wayarsa kai tsaye. In babu banki kusa, a biya a fili gaban shaidu, kowa ya dangwala. Jimillar abin da ya shigo da abin da ya fita a liƙa ta a ƙofar fada da bakin kasuwa. Daga kowane biya ku ware kuɗin awo da binciken zagaye na gaba kafin a raba sauran, domin in lokacin ya zo babu kuɗin kiran masu bincike, kiredit na gaba ba zai fito ba.